Rabon Wutar Rakera

"Har da wuta fa, aka ce."

"Wuta da me?"

"Wuta, ruwa, gas, duk a cikin kuɗin haya. Ko yini ta yi tana wanka ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa."

"Ke dai kin iya ƙari. A garin nan? Wane mai gida ne zai yarda?"

"To ki je ki gani mana. Mita ɗaya ce da ita da tsohuwar, ba yadda za a raba. Ni da na shiga sai da na tuɓe rigar sanyi. Kamar an ɗauke ni an mayar gida."

"Ashe mun samu wurin shanya."

"Ke, rage murya. Ga ta can tana wanke tukunya."

Rakera ta ji matan sarai. Kicin ɗin zauren da mutanen tsibiran Kiribati mazauna ƙetare ke taruwa bayan an tashi daga coci a garin Warrnambool bai kai faɗin da magana za ta ɓuya a cikinsa ba. Ba ta juyo ba, ta ci gaba da kankare ƙanzon shinkafa. Kuma ba haushi ta ji ba, daɗi ta ji. Ta haura hamsin a duniya, ba ta taɓa jin ana zancen wani abu da take da shi ba sai ranar.

A tsibirin Beru na ƙasar Kiribati aka haife ta, inda sama kan yi shekara ba ta zubo ko ɗigo ba. Idan fari ya yi tsawo rijiyoyi sukan koma ruwan gishiri, sai kowa ya dogara da tankin coci. Kowane gida da rabonsa. Kakarta ce take auna nasu da ƙoƙon kwakwa, kuma a hannunta Rakera ta koyi yadda ake kyauta: idan maƙwabciya ta zo ka zuba mata, kai ne za ka yini da ƙishi, ba ka komawa tanki ka ce a ƙara. Ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata haka. Gani ta yi kakar tana lasar leɓe tana hira kamar ba komai.

Ta auri Kautu, ma'aikacin jirgin ruwa mai yawan dariya, ya kai ta Tarawa, babban birnin ƙasar, gidan iyayensa, inda ake kwana jere kamar kifin shanya. Daga can suka yi ƙetare, birnin Auckland, suka zauna da wani kawunsa. Daga Auckland kuma ya samu aikin mayanka a Warrnambool, suka sauka a gidan wansa, Baraniko. A nan ciwon suga ya cinye Kautu a hankali. 'Yarsu ɗaya tilo ta yi aure ta tafi Perth, wani birni mai nisa. Rakera ta ci gaba da zama a garejin Baraniko da aka yi wa labule, tana aikin wanki a wani gidan kula da tsofaffi. Duk yawon nan da ta yi, ba ta taɓa rufe ƙofa ta san ita kaɗai ce a ciki ba.

Wata abokiyar aiki ce ta haɗa ta da Noelene, tsohuwar da ta sayar da gonar shanunsu bayan rasuwar mijinta ta dawo cikin gari. A bayan gidanta akwai ɗaki da ɗan kicin da banɗaki. Noelene ta zagaya da ita tana dogara sanda.

"Ga hitar ɗumama ɗaki, ga injin wanki, ga na busarwa. Kada ki damu da batun wuta da ruwa, suna ciki. Mutum ɗaya me zai ci? Rakera, ko? Ya yi min tsawo. Rak zan riƙa ce miki."

"To, Nei Noelene."

"Nei kuma?"

"Haka muke kiran mace."

"To ba laifi. An kira ni da abin da ya fi wannan muni."

Makonnin farko Rakera takan dawo daga aiki ta rufe ƙofa, ta zauna a kan tabarma ta saurari shiru. Takan buɗe ruwan zafi ta tsaya a ƙarƙashinsa ta rufe ido, sai kuma ta yi sauri ta kashe, kamar wani zai kama ta.

Sanyi ya shigo da ruwan sama da iskar teku, mutane kuma suka biyo bayansa.

A wajen mutanen Kiribati akwai roƙo, akwai kuma bubuti. Roƙo ana iya zillewa. Amma idan mutum ya zo ya zauna ƙasa ya furta bubuti, magana ta ƙare. Ko kwalekwalenka ne sai ka kwance ka ba shi. Shi ma ya san wata rana za a zauna a gabansa. Rakera ta sha ganin ana yi, amma ba a taɓa yi mata ba, don ba ta da abin da za a nema.

'Yan matan mayanka ne suka fara zuwa, da barguna jiƙaƙƙu a cikin leda.

"Inna Rakera, kwana da kwanaki suna kan igiya, har sun fara wari. Bubuti."

"Ku shigo, ku shigo. Kun tsaya a ƙofa kamar masu tallan inshora."

Bayansu Baraniko ya zo da kansa, a bayan a-kori-kura, da wata ƙatuwar firiza da samari biyu. Bikin ranar 'yancin Kiribati ya matso, an tara kifi da naman alade, gidansa kuma mita tana gudu. Dattijon coci ne, wan mijinta, wanda ya ba ta wurin kwana lokacin da ba ta da shi. Ya zauna a tabarma ya faɗi kalmar. Aka tura firiza ta cinye rabin kicin. Aka yi biki aka watse, firiza ta zauna, don samari ba su daina zuwa kamun kifi ba. Sai kuma matan mawaƙa suka ga zauren coci ya yi sanyi, suka mayar da koyon waƙa ɗakinta ranar Asabar, su yi waƙa kaɗan, su yi karta da yawa, butar shayi ba ta hutawa.

Ta ƙarshe ita ce Aroita, matar wani yaron mayanka, da jaririyarta mai tari. Gidan da suke haya bangonsa ya yi baƙi da danshi, kuma mutanen gidan sun yi dokar ba a kunna hita da rana. Aroita ba ta ma iya furta kalmar da kyau ba, kuka ya rigaye ta. Rakera ta cire makulli ɗaya ta sa mata a hannu.

"Da safe ina fita kina shigowa. Ki kunna ta yadda kike so. Kada in dawo in tarar da 'yar nan da hanci mai sanyi."

Rakera ba ta manta abin da Noelene ta ce ba, mutum ɗaya. Ta yi lissafinta irin na gida. An ba ta rabon mutum ɗaya. Ta zuba wa wasu. To ita ce za ta yi ƙishi. Ta daina kunna hita idan ita kaɗai ce. Ta koma wanka da ruwan sanyi a bokiti, tana yi tana kiran sunan kakarta. Kayanta ta riƙa wankewa da hannu. Abinci kuwa sai ta dafa na kwanaki a tukunya ɗaya ta riƙa ci da sanyinsa. Hankalinta kwance, don a ganinta ba ta taɓa na kowa ba. Da tari ya kama ta, sai ta ce ai na jaririya ne ta ɗauka.

Wata ranar hutun Rakera, Aroita ta kai yarinya asibiti, Rakera tana zaune cikin kwat da hular ulu ta cusa hannuwa a hammata, sai ta ji sanda a kan dakali.

"Rak? Kina ciki?"

"Shigo, Nei Noelene."

Tsohuwar ta shigo ta tsaya. Ta dubi firiza da ke gurnani, ta dubi tarin bargunan da ba na Rakera ba, ta hura iska ta ga tururin bakinta.

"Hitar ta lalace ne ba ki gaya min ba?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To me ya sa ɗakin nan ya fi firizar can sanyi?"

Rakera ta yi tari, ta gyara zama. "Ina ragewa ne."

"Kina rage me?"

"Kin ce mutum ɗaya. Mutanena suna zuwa suna amfani da wuta. To sai na bar musu nawa."

Noelene ta jawo kujera ta zauna da ƙyar.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo firiza."

"Da ruwan sanyi kike wanka?"

"Ai na saba."

"Kin saba a inda rana ke gasa mutum. Rak, ke da hankalinki. Ni nan zuwa na yi in yi miki faɗa, na shirya maganata tun daga ƙofar kicin, yanzu kin ɓata min ita." Ta buga sandar a ƙasa. "Saurara. Mita ba ta san sunanki ba. Ba ta san wa ya sha sanyi wa ya ji ɗumi ba. Abin da kika hana kanki bai kai abin da wannan dodon yake ci ba, balle injin busarwa da ke juyi tun safe. Kin wahala a banza."

Maganar ta shigi Rakera fiye da sanyin. A banza. Ta dubi hannuwanta da suka tsage.

"Ban ɗauki na kowa ba," ta ce a hankali.

"Na sani. Shi ya sa abin ya dame ni. Amma ɗana Gavin shi ke biyan komai yanzu, kuma ya gani. Ya ce idan wa'adinki ya cika ƙarshen sanyi kada a sabunta. Ya ce zai nemo min ɗalibi. Ɗalibi! Da kiɗa da kwalabe." Ta yamutsa fuska. "Na ce masa ya ba ni lokaci. Ina son zamanki, Rak. Ke kaɗai ce kike fitar min da shara ba sai na roƙa ba. Amma firiza ta tafi, wanki ya tsaya, mawaƙa su nemi wani wuri, ko da yake ina jin daɗin waƙar, kada ki gaya musu. Mutum ɗaya. Idan ba haka ba, ba ni da bakin da zan kare ki."

"Ba zan iya ce musu a'a ba."

"Me zai hana? Ki buɗe baki ki ce a'a. Ni nakan faɗa sau da yawa kafin in karya kumallo."

"Mu ba ma faɗa."

"To sai ki nemo abin da kuke faɗa." Ta miƙe, ta je ta murɗa hitar da kanta. "Wannan kuma idan na leƙo na ga a kashe, ni zan kore ki, ba Gavin ba."

Rakera ta yi kwanaki tana juya maganar a gaban manyan injinan wanki na wurin aiki. Garejin Baraniko yana nan, labulen ma ba a cire ba. Idan ta koma ba mai cewa komai. Za a matsa mata, a zuba mata abinci, ta tsufa a can tana jin rigimar talabijin ta bango. Ba rayuwar banza ba ce, ita ta yi shekara da shekaru. Amma ta riga ta ɗanɗani rufe ƙofa, kuma ta gano da ɗan kunya cewa tana so. Ba don kowa ba, don kanta.

A'a dai ba ta cikin bakinta. Abu ɗaya ya rage mata, wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi ta je gidan Baraniko. Yana zaune yana gyaran ƙugiya, matarsa Kaaro tana kankare kwakwa. Rakera ba ta wuce ciki kamar yadda ta saba ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta lanƙwashe ƙafa.

Kaaro ta ɗago. "Yau kuma baƙuwa muka yi? Ke da kika san inda muke ɓoye suga?"

"Yaya," Rakera ta ce da Baraniko, "na zo da bubuti."

Ya ajiye ƙugiyar. Fuskarsa ta washe. "Madalla! Matar Kautu ta tuna tana da dangi. Faɗi. Mota? Kuɗin jirgin zuwa Perth?"

"Ka ɗauke firizarka."

Kankarar kwakwa ta tsaya.

"In ɗauke me?"

"Firiza. Kuma ka yi wa mawaƙa da 'yan mata magana, kai ne babba. Wutar ba tawa ba ce, Yaya. Na ɗauka tawa ce, ashe ba tawa ba ce. Na yi kyauta da kayan wata."

"Ba cewa aka yi tana cikin haya ba?"

"Ta mutum ɗaya ce a ciki."

"To ai ke ɗaya ce," in ji Kaaro. "Mu kuma naki ne. A ina aka taɓa ƙirga mutum ban da mutanensa?"

"A gidan Nei Noelene."

Kaaro ta saki dariya marar daɗi. "Ka ji ko? Wata nawa ta yi a bayan gidan Baturiya, har ta iya yarensu. Gobe sai mun buga waya kafin mu zo gaisuwa."

Baraniko ya ɗaga mata hannu. Ya murza gemu.

"Tun da nake," ya ce, "ban taɓa jin an yi bubuti don a kwance bubuti ba. Ko a wajen tsofaffinmu. Kin ɗaure ni da igiyata, ƙanwata."

"Ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Kin faɗa, ta zauna. Samari za su zo da mota." Ya ɗauki ƙugiyarsa, bai dube ta ba. "Amma mutane za su yi magana, ki sani. Ni ba zan iya rufe bakin kowa ba. Ga ɗaya nan ma a gabana na kasa."

Aka ɗauke firiza, ta bar sawunta a ƙasan kicin. Asabar ta zo ba waƙa. A coci an gaishe ta kamar kullum, sai dai gaisuwar ta gajarce, kuma da ta shiga kicin ta tarar an riga an wanke tukwane. Ta koma gida ta kunna hita ta zauna. Ɗakin ya yi ɗumi, ya yi faɗi. Noelene ta leƙo ta ce ta yi magana da Gavin, ya sauko, za a sabunta. Rakera ta yi godiya, kuma da gaske take, ta yi mata alkawarin daga yanzu mutum ɗaya ne.

Ba ta ambaci Aroita ba a gidan Baraniko. Da gangan ta tsallake ta, tana fatan maganar za ta bi ta gefenta ta wuce. Amma ranar Litinin da sassafe, tana ɗaura takalmin aiki, sai ga Aroita a ƙofa, ruwan sama a kafaɗunta, yarinyar a naɗe cikin bargo har ba a ganin fuskarta. Ba ta shigo ba. Ta miƙo makulli.

"Inna, na ji abin da ya faru. Ga shi. Ki yafe min, ban san ina jawo miki ba."

"Wa ya ce ki kawo?"

"Ba wanda ya ce. Ni ma ina da kunya."

Daga cikin bargon tari ya fito, ƙarami, mai kauri, irin wanda ke jijjiga duk jikin mai yin sa. Rakera ta buɗe bargon ta taɓa ƙirjin yarinyar.

"Me likita ya ce?"

"Ya ce a riƙa ajiye ta a wuri mai ɗumi, marar danshi." Aroita ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Na ce to."

Rakera ta tsaya da makullin a hannu. Idan ta mayar mata, ta karya alkawarin da bai yi mako ba, kuma Gavin ba zai sake saukowa ba. Idan ta riƙe shi, ta san bangon da za a koma a kwantar da yarinyar nan kusa da shi. Ba ta da sauran rabon da za ta hana kanta. An riga an gaya mata wannan ba ya biyan komai.

Ta ɗaga ido ta hangi bayan babban gidan. Hayaƙi yana fita daga bututun rufin. Noelene takan hura murhun itacen falonta tun asuba saboda gwiwoyinta, ya yi ta ci har yamma, ita kaɗai a gabansa da tsohon karenta. Rakera ba ta taɓa wuce ƙofar kicin ɗin gidan ba.

"Ba ni yarinyar," ta ce.

"Inna, za ki makara."

"Ba ni ita, ki biyo ni."

Rakera ta ratsa tsakar gidan a hankali, Aroita na biye da ita. Zama a gaban Baraniko ya yi wuya, sai dai tun kafin ta buɗe baki ta san amsar. Wannan matar kuwa tana iya cewa a'a, ta faɗa tana kallon idonka, ta koma ta sha shayinta, kuma ba wanda zai ga laifinta. Tana ma iya tunanin an mayar da ita saniyar tatsa, ta kira ɗanta. Babu kalmar da za ta ɗaure ta. Rakera ta ƙwanƙwasa.

Kare ya yi haushi sau ɗaya ya fasa. Noelene ta buɗe cikin rigar barci, da kofi a hannu. Ɗumin gidan ya fito ya bugi fuskokinsu. Ta dubi Rakera, ta dubi Aroita da ke raɓe a baya, ta dubi ƙunshin bargon.

"Rak, wani abu ya faru? Wannan kuma fa?"

"Sunanta Tebora. Ita ce take yini a ɗakina idan na tafi aiki, da uwarta. Ban gaya miki ba." Rakera ta gyara riƙon yarinyar. "Ba zan ƙara kai su can ba, na yi miki alkawari. Kuma in kin ce a'a, ba zan riƙe ki a rai ba, na san ke kina iya faɗa. Amma wutarki tana ci ko da mutum ko ba mutum. Nei Noelene, don Allah ki bar su su riƙa zama a gefen murhunki da rana, har sanyin nan ya wuce."